Mai Taga da Biron Malam

Ranar walimar saukar ɗanki, Nusaiba, ina kicin ina zuba shayi na ji kina ba wa ƙawarki labarina da Larabci, kina tsammanin kunnena ya tsufa. Kika ce mamanku marubuciya ce, ta taɓa fara littafi a kan wani Bayahude mai zane, kakanku ya hana ta, ta ajiye alƙalami don biyayya. Ƙawar taki har da masha Allah. Na ci gaba da zuba shayina, don ba na gyara wa 'yata magana a gaban baƙi. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin na gane ashe haka ke da Anas da Sumayya kuka ɗauka tun kuna yara, kuma haka za ku faɗa wa naku 'ya'yan bayan raina. To kakanku bai hana ni komai ba. Ni da hannuna na miƙa masa abin da ya ɓata, kuma da za a maido ni shekarar, da na sake miƙawa. Ku daure ku karanta da Hausar nan da kuke ji ba ku mayarwa.

A lokacin muna unguwar Harra ta Yamma a Madina, a shaggar nan, wato ɓangaren gidan haya, ta hawa na biyu wadda tagar falonta ke kallon filin baƙaƙen duwatsu. Abbanku yana aiki a matatar mai ta Yanbu, sai ƙarshen mako yake dawowa, rigarsa na warin teku da gas. Ni kuwa tun a gida ina rubuta littattafan soyayya, mata na saye suna kuka suna aro, amma da na zo Madina sai rubutun ya ƙafe. Garin ya yi mini kwarjini. Duk lokacin da na zauna zan haɗa saurayi da budurwa, sai in ji kiran salla daga Harami, in ji kunya, in rufe takarda in tafi wanke-wanke. Haka na yi shekaru ina uwar gida mai tsohon suna.

Wata rana Abbanku ya shigo da kwali niƙi-niƙi. Wani Bature abokin aikinsa ya yi ritaya zai koma ƙasarsu, ya bar masa littattafai, wai ko yara sa ƙaru da Turanci. Ku ko kallon kwalin ba ku yi ba. Ni na zauna ina warewa, a can ƙasa na tarar da wani babban littafi mai nauyi, cike da zane-zane masu launi, ƙarƙashin kowanne da ɗan bayani. Na mutum ɗaya ne duka. Sunansa ban taɓa iya furta shi daidai ba, kuma ba zan ɓata shi a nan ba. Ku kuka sa masa Mai Taga, saboda babu zanensa da ba taga a ciki. Bayahude ne, ya rayu lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da ake farautar Yahudawa gida-gida a Turai ana loda su a jirgin ƙasa zuwa inda ba a dawowa. Wani tela da matarsa, waɗanda ba addininsu ɗaya ba, suka ɓoye shi a wani ɗan ɗaki a saman shagonsu. A nan ya zauna ba ya tari da ƙarfi, ba ya taka ƙasa da takalmi, yana zana mutanen layinsu daga ka: mahaifiyarsa, ƙannensa mata, mai burodi, tsohuwar da ke sayar da furanni. Yawancinsu an riga an kwashe su. Daga baya shi ma aka gano shi, aka tafi da shi, zane-zanen kuma matar telan ta ɓoye su cikin tarin yadi.

Ban san me ya kama ni ba. Bayan azahar, in kun yi barci, Madina ta yi tsit saboda rana, ba abin da ke motsi sai kukan mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, sai in shimfiɗa littafin a cinyata. Nakan yi ta kallon fuska ɗaya har gyangyaɗi ya ɗauke ni, in ga dusar ƙanƙara tana sauka a kan duwatsun Harra, fari a kan baƙi, ba ta narkewa. In ji keken ɗinki yana tafiya a ƙarƙashin ƙasan falonmu, alhali Bamisiriyar da ke ƙasa da mu ko allura ba ta riƙewa. In ga mutumin a zaune a bakin tagata, ya juya mini baya, siriri, yana haɗa launi a murfin gwangwani, ina so in ce masa sannu da aiki ina tsoron kada muryata ta tona masa asiri. Sai kiran la'asar ya farkar da ni, littafin ya kashe mini ƙafa. A watannin nan rubutu ya dawo mini kamar famfon da aka daɗe da ɗauke wa ruwa, da tari da shaƙuwa, sannan ya zubo. Na fara labarinsa da Hausa, fuska bayan fuska, kowacce babi guda.

Abbanku ya mai da abin tsokana.

"Maman Anas, duk mazan duniya ki rasa wanda zai ɗauke miki hankali sai Bayahude, shi ma matacce?"

"Kishi kake yi?"

"Ina ni ina kishi da mutumin da ba ya cin tuwonki. Amma ki san garin da kike. In matan unguwa suka ji, kin shiga bakinsu."

Na san garin da nake. Ni ma ina ganin labarai, ina zubar da hawaye a kan yaran da ake cirowa daga ƙarƙashin gini. Amma wannan bawan Allah bai taɓa rushe gidan kowa ba. Nasa aka rushe, abin da ke hannunsa kuma burushi ne. Abin da ban faɗa wa Abbanku ba, don ni ma ban gama ganewa ba a lokacin, shi ne hassada nake yi wa Mai Taga. Yana rufe ido ya ga uwarsa har ya sa ta a takarda. Ni in na rufe ido, ba na ganin kowa.

Innata ta rasu ina rarrafe. Hotonta ɗaya ne a duniya, wanda aka ɗauke ta don fasfon aikin hajjin da Allah bai nufa ba. Ina 'yar makaranta na tsince shi a ƙasan adakar Malam, mahaifina, kakanku ke nan. Ga ɗankwali, ga 'yan kunne, ga wuyan riga mai aiki, amma inda fuska take an cike shi da baƙin biro har takardar ta kusa hujewa. Sau ɗaya na yi ƙarfin halin tambayarsa kamanninta, ya ce mutum ce kamar kowa, in yi mata addu'a. Danginta da suka san ta duk sun bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ya zamana a faɗin duniya kai ɗaya ne ya rage da fuskar Innata a ciki, shi ne kan Malam, kuma a shekarar nan kan ya fara yoyo.

Shi ya sa muka ɗauko shi daga Funtuwa. Burinsa tun da daɗewa ya cika a Madina, Abbanku kuma ya yi ta zirga-zirga har takardun zamansa suka fito. Kun tuna shi: dogo, farin gemu, ƙamshin turaren ɗan goma, da baƙin biro a aljihun gaba. Tela ne a ƙuruciyarsa, daga baya ya ajiye keke ya bi karatu har ya zama Malam, kuma ya riƙe cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da sura. Bai yi mako ba ya bi gidan nan kaf. Saniyar da ke jikin gwangwanin madara ya yanka ta da biro a wuya. Zakaran kwalin dunƙulen miya haka. Jaririn da ke jikin ledar sabulu kuwa, tunda ɗan Adam ne, fuskar gaba ɗaya ya cike. Kai Anas ka yi kuka ranar da ya bi ta kan littafinka na makaranta.

"Lesh, ya Jaddi?" ka ce masa, wato don me, Kaka, kana nuna raƙumin da aka yanke wa wuya.

"Me yake cewa?" Malam ya tambayi bango, don ni ba ya tambayata kai tsaye.

Ni 'yar fari ce. Tun da na yi wayo Malam bai taɓa kiran sunana ba, sai "yarinyar nan", ko da kuwa na yi furfura. Bai taɓa duban fuskata ba. In muna magana idonsa na kan tabarma ko kan carbi. A garinmu wannan ba abin mamaki ba ne, alkunya ce ta ɗan fari, har yabon mutum ake yi da ita. Na tashi ina alfahari da cewa mahaifina mai kara ne, ko da yake can cikin raina abin yana mini ciwo.

Ranar da ya ga littafin Mai Taga, mantawa na yi da shi a kan kujera. Na fito daga wanka na same shi ya ɗora shi a gwiwa, ya cire murfin biro da haƙori. Ban san lokacin da na dafe shafin da tafin hannuna ba.

"Malam, don Allah ban da wannan."

"Yarinyar nan, surori ne fa. Cike."

"Mutanen nan kashe su aka yi, Malam. Ba kabari, ba kowa nasu. Wannan ne kaɗai ya rage."

"Su wane ne?"

"Yahudawa ne."

Sai ya tambaya ko yaƙi suka yi aka ci su, na ce a'a, daga gidajensu aka kwashe su, har jarirai. Ya ce to an zalunce su, kuma zalunci ba shi da kyau a kan kowa. Amma sura sura ce. Ko dai littafin ya fita daga gidan, ko ya gyara shi, ko kuma shi ya koma unguwar Anbariyya wurin wani tsohon ɗalibinsa mai ɗaki a can. Bai ɗaga murya ba. Malam bai taɓa buƙatar ɗaga murya ba.

Na zaɓi na farko, don ina ganin wayo ne da ni. Na sa littafin a but ɗin motar Abbanku. Na manta motar Yanbu take kwana. Sai Mai Taga ya koma kamar miji na biyu, sai ƙarshen mako nake ganinsa, shi ma a tsaye a garejin ƙasa, gumi na zuba, ina buɗe shafi a kan but kamar mai sayar da kayan sata. Rubutun ya fara tsinkewa. A sama kuma Malam yana ta raguwa. Yau ya kira Sumayya da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun kafin a haife ni, gobe ya tambaya ko an kai wa mutumin Bakori ɗinkinsa. Ina kallonsa yana cin abinci, ina cewa a raina: tana nan ciki, kuma kullum ana ɗebe ta kaɗan-kaɗan.

Abin da ya juya al'amarin keken ɗinki ne. Wata Juma'a na hau da littafin a ɓoye cikin abaya don in duba wani abu, Malam ya shigo falo ba zato, shafin a buɗe a kan zanen shagon telan. Na ɗauka biro zai ciro. Sai na ga ya sunkuya.

"Wannan ai irin kekena ne. Mai ƙafa. Ga inda ake ɗiga masa mai."

Keke ba shi da rai, don haka ya dube shi son ransa. Daga keken idonsa ya gangara kan hannun da ke riƙe da yadi, ya ce wannan telan ya iya aiki, dubi yadda ya saki yatsu. Daga hannun ya hau kafaɗa. Ya tsaya a wuya, kamar mai tsayawa a bakin ƙofar da ba tasa ba. A nan wani tunani ya zo mini wanda har yau ban san ko daga ina ba.

"Malam, na yarda ka gyara littafin. Amma ina roƙon abu ɗaya. Kowace fuska, kafin ka shafe ta, ka dube ta tukuna, in faɗa maka ko wace ce. Ko ba komai wani ya san da ita kafin ta tafi."

Ya juya carbi, ya juya, sannan ya ce wannan ba laifi.

Haka muka shiga yi, bayan la'asar, shafi ɗaya ko biyu a rana, da shayin na'ana a tsakaninmu. In karanta bayanin in fassara masa, ya duba, ya yi bisimilla, ya cike fuskar da baƙi. Ranar farko da biro ya hau kan mai burodi sai da na shiga banɗaki na yi kuka, don babinsa na fi so, kuma na san ba zan iya ƙarasa shi ba tare da wannan murmushin na gefe guda ba. Amma Malam, wanda ya yi shekara da shekaru bai tsaya ya dubi hoton mutum ba, ya fara daɗewa. Ya ce mai burodin nan da gani yana rage awo. Ya ce ƙanwar mai zanen tana da taurin kai. Ranar da muka zo kan mahaifiyar Mai Taga, tana zaune a bakin taga ta yi tagumi, sai biron ya tsaya a sama.

"Haka take yi," ya ce. "Da hannun hagu. In na yi magana ta ce ba tagumi ba ne, haƙori ke mata ciwo."

"Wa, Malam?"

"Mai ɗakina mana."

Ban yi motsi ba, ko numfashi a hankali nake yi, irin na wanda tsuntsu ya sauka a kusa da shi. Ya shafe fuskar, muka rufe littafin. Washegari a fuskar mai furanni ya samo goshinta, mai faɗi, da gashi da ya sauko ta gefe. A wata yarinya mai riƙe da kyanwa ya samo wushiryarta. A wani tsoho, abin dariya, ya samo kunnuwanta, ƙanana masu manne da kai. Tawadar Allah da ke ƙarƙashin haɓarta a wuyan wata amarya ya tuno ta. Kowace fuska ya ba ni abu ɗaya daga cikinta, sannan ya binne ta da biro. Ina gani littafina yana mutuwa shafi bayan shafi, kuma ni nake buɗe masa shafin gaba. A ƙailular kwanakin nan Mai Taga ya daina zuwa tagata. Wata mace ce ke zuwa, baƙa, siririya, da goshin Bayahudiya da wushiryar wata, tana tsaye a kan duwatsun Harra cikin ɗankwalin hoton fasfo. Komai ya haɗu sai ido. Wurin idon fili ne.

Da muka kai shafukan ƙarshe Malam ya cire murfin biro, sai ya tsaya. Zanen telan ne da matarsa a bakin tebur, da 'yarsu tana miƙa kwano, amma duk fuskokin a shafe suke, launin ya dame, ana ganin sawun babban yatsa a kai.

"A'a. Wani ya riga ni. Ko tuba ya yi?"

Na karanta masa bayanin. Waɗannan su ne suka ɓoye shi, kuma su suna raye. Ya zana su don yana ƙaunarsu, sannan tun fentin bai bushe ba ya goge fuskokin da yatsansa, don in an kama shi da zanen kada a gane su a kashe su. Kuma ba a gane su ba.

Malam ya daɗe yana kallon sawun yatsan. Ya ɗora nasa babban yatsan a kai, kamar mai gwada hula. Sannan ya mayar da murfin biro, ya sa a aljihu.

"Lokacin da na shafe hoton uwarki," ya ce, "ko hukuncin ban sani ba. Ina tela a lokacin. Karatun daga baya ya zo."

Sai na ce, "Malam, saura ido. Ba ka faɗa mini idonta ba."

"Babu shi a littafin nan."

"Ko kusa?"

Sai mahaifina ya ɗago kai ya dube ni. Tsaf, cikin ido, karo na farko a rayuwata, ina da 'ya'ya uku. Idonsa ya yi fari-fari na tsufa, ruwa ya taru a ciki. Bai daɗe ba ya mayar da kai kan tabarma.

"Mutane suna cewa alkunya ce," ya ce. "Na bar su a haka. Tashi ki duba madubi, Rakiya."

Ko sunan nawa ban san ya iya faɗa da daɗi haka ba. Na tashi na shiga ɗaki, na tsaya gaban madubin da nake kallo kullum ina shafa mai, na yi tagumi da hannun hagu. Ke Nusaiba kika leƙo kika ce Mama esh fiki, na ce ba komai, haƙori ke mini ciwo.

Malam bai ga wani azumin ba. Kafin ya cika ya manta sunana, ya manta garin da yake, ya koma tambayar zare da almakashi. Da na jinkirta, da ban samu ko kunne ɗaya ba. Ya samu burinsa, yana makabartar Baƙi'a, inda kabari ba suna ba alama sai dutse, ni kuma iyakata bakin shinge in yi sallama ga duk wanda ke ciki.

Labarin Mai Taga ban ƙarasa shi ba. Fuskokin sun tafi, yunwar da ke tura ni wurinsu ita ma ta tafi. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ba ni kaɗai na biya ba: mutanen da aka shafe sau ɗaya a ƙasarsu an sake shafe su a falona, da yardata. Har yau in na tuna mai burodi sai na ji nauyi a ƙirjina. Anas ya taɓa cewa zai nemo mini zane-zanen a waya cikin minti ɗaya, na ce ya bari. Na fi son in riƙa tuna su yadda muka dube su ni da Malam, ɗaya bayan ɗaya, da sunan kowa da sana'arsa.

Littafin yana saman kabad ɗina, a naɗe cikin tsohon rawanin kakanku. Kada ku zubar da shi don kun ga ya lalace, kada kuma ku sake cewa an hana ni. Hoton kakarku mace babu shi, kuma ba za a yi shi ba. Amma ku ukun nan da kuke mini magana kanku na kan waya, ku riƙa ɗagowa kuna dubana tun ina nan. Idon ba nawa ba ne.